Ɓerayen Lantana

Na sayo kwalba a kasuwar Gujungu.
Mai lasifika ya rantse
ƙwaya talatin za su dawo mini da gwiwar samartaka.
Kuɗin ɗan akuya.

Jikata Lantana ta zo hutu,
ta jujjuya kwalbar, ta yi shiru.
"Tsoho, a ɗakin bincikenmu
shekara huɗu muna yi wa ɓeraye allura.
Wasu tsufansu ya yi jinkiri.
Mutum kuwa, da saura."

Na ce, ɓerayen rumbuna
ko allura ba su sani ba,
ga su can suna tsallake danga.

Ta yi dariya, ta murza mini man zafi.
Kwalbar tana kan taga.
Da asuba, sandata nake fara lalubawa.