Tsohon Kada a Runjin Sambo

Shekara talatin da ɗaya na yi a Kalambaina,
ƙurar siminti ta riga furfura hawa kaina.
Na ajiye aiki, na ɗauki tabarma da rediyo,
na ce saura jiran la'asar a ƙofar gida,
na gama da wasan duniya.

Sai Kulu, 'yar ɗana, mai giɓi biyu a gaba,
ta ja ni da hannun riga: "Kaka, taho, an kawo wuta!"
Na bi ta don kar ta yi kuka,
na ɗosana bakin gado ina cin magani,
wai ni za a nuna wa tatsuniya.

Katun ne. Wani kada, tsoho tukuf, kore shar,
haƙori ɗaya ya rage masa, shi ma yana girgiɗi.
Ya kwanta bakin gulbi yana ƙunƙuni,
'yan kifi suka kewaye shi, ba tsoro ba kunya,
wai sai ya tashi a yi 'yar ɓuya.

Ya ce ya girma. Suka ce rufe ido dai.
Ya ƙirga goma, ya tsallake bakwai.
Da layi ya zo kansa
ya tusa hanci bayan ganyen bado ɗaya tak,
sauran jiki duk a fili, har wutsiya.

Ban san sa'ad da ta kuɓuce mini ba.
Sahabi ya waiwayo: "Kaka, kai ka dariya?"
Na ce tari ne, tsohon tarin siminti.
Kulu ta ce tari ba shi buga cinya.
Allah ya gani, ta faɗi gaskiya.

Ana tsaka da neman kada, ɗif, wuta ta tafi.
Fanka ta yi juyi uku ta tsaya,
zafin Sakkwato ya shigo ya zauna tare da mu.
Suka kumbura baki: "To ina kada ya kwana?"
Na laluba tocila, na haɗa tafin hannuna,
baki ya buɗe a bango, ga haƙori ɗaya,
na ƙarasa musu labarin da ƙarya.

Daren nan barci ya ƙi.
Na ga yaro ba riga a Kwalkwalawa
yana faɗawa Rima daga kan tudu,
ruwa a hanci, yashi a kunne,
uwarsa na jiransa da tsintsiya.

Ashe bai nutse ba.
Shekaru sittin yana maƙale ƙarƙashin haƙarƙarina,
na danne shi da kati da albashi da girman kai,
sai wani kada na zane ya ɗaga masa ganye
ya ce fito, an gan ka a zuciya.

Da safe na gwada wa Sahabi langa,
taku huɗu, gwiwa ta kai ƙarata.
Na sha man zafi, na koma abin da zan iya:
karan dawa, aska, ƙayar aduwa,
ina fere mota a bakin hanya.

Nomau ya zo wucewa da carbinsa,
ya tsaya: "Labbo, lafiya dai?
Da jikoki tara kaka wasan kara?"
Ban tanka ba. Ya daɗe tsaye a kaina.
Can ya tattare riga ya tsuguna:
"Miƙo askar. Ka karkata ƙafar baya."

Har yau ban ga ƙarshen fim ɗin ba,
ban san ko kifayen sun yi kamar ba su gan shi ba.
Na dai bar wa Kulu saƙo:
in an kawo wuta, ko na yi nisa a barci,
ki tashe ni, ba sai da safiya.