Katin Shekara

Ni mai lissafi ne, a Kantin Kwari na yi furfura,
yadi da inci, bashi da ragi, duk sun san hannuna.
Ko kokon safe sai na auna kafin in kurɓa.
Shi ya sa ranar da Juwairiyya ta ja mini riga
tana nuna lilon nan mai kai mutum sama,
ban ce e ba, ban ce a'a ba,
biro na zaro daga bayan kunne, na tsaya.

Hawa ɗaya, ni da ita, dubu da ɗari biyar.
Ranar Sallah ninki ne, ga layi har bakin kwalta.
Ɗan'azumi mai tikiti ya leƙo ta tagar ƙarfe:
"Alhaji, ɗauki katin shekara mana,
dubu ashirin da ɗaya, ku hau har ku gaji.
Amma saya kafin azumi, bayan nan kuɗin zai tashi."
Na buga a bayan wani tsohon rasit:
zuwa goma sha huɗu, kuɗina ya dawo gida,
daga na sha biyar kuwa, ni nake cin riba.

Kubura tana tankaɗe ta ce, "Araha ba ta ado."
Na ce ai wannan ba atamfa ba ce.
Ta ci gaba da tankaɗenta.

Na farko dariya, na biyu ihu.
Na uku ta mayar da zoɓo da awara kan takalmina.
Kuɗin adaidaita daga Gandun Albasa
ban sa shi a lissafi ba,
balle gugguru, balle balan-balan
da ba ya kai wa gida sai ya fashe.
Kowane zuwa dai ina yi masa zane a bangon shago,
kamar mai bin bashin gawayi a unguwa.

A na bakwai aka ɗauke wuta.

Muna can ƙololuwa, kujerar tana ɗan rawa.
Ƙasa ana ta jan janareta, yana tari yana mutuwa.
Na ga bayan shirwa, abin da ban taɓa gani ba,
ga Dala can ta zauna, ga Goron Dutse a gefe,
rufin kwano bila adadin yana mayar wa rana hararta.
Ta ce, "Baba, ina shagonka?"
Na duba, na sake dubawa.
Shekara talatin ina buɗe shi ina rufewa,
daga nan ko farcen yatsa bai kai ba.

Sai ta kama ƙirga tankunan ruwa na kan soraye,
baƙaƙe, kamar tukwanen da aka kife.
Ta kai sittin da wani abu ta ɓata,
ta tuntsire da dariya, ta koma ɗaya.
Ashe abin gado ne.
Sai dai ita in ta ɓata ba ta jin ciwo.
Kiran magariba ya taso daga gabas,
ya taso daga kudu, ya taso daga ko'ina,
ya iske mu a rataye, minti arba'in,
biro na bayan kunne ban tuna da shi ba.

Shekara ta ƙare da zane tara a bango.
Ta ce ita ta girma, lilo sai yara.
Saura biyar: dubu bakwai da ɗari biyar,
na rubuta da jan biro, gaskiya ɗaya ce.
Kubura ta gani, ta kawo shayi, ba ta ce uffan ba.
Katin yanzu yana cikin littafin lissafin 'yar,
shi ke riƙe mata shafin da ta tsaya.

Jiya na haɗu da Ɗan'azumi a bakin masallaci.
Ya ce sabon kati ya fito, an ɗan ƙara kaɗan.
Na ce, "Bar katin.
Ranar da ka san za a ɗauke wuta, aiko mini,
zan biya hawa ɗaya, ba zan nemi ragi ba."