Sidi Ashirin

Humu ta ce, "Baba, albashin fari ya shigo,
sa babbar riga, yau ba tuwo."
Na ce tuwo bai yi mini laifin komai ba.
Ta yi dariya, ta riga ni bakin ƙofa.

Torotoro ya kwaso mu daga Nima
ya zube mu a Osu bayan magariba.
Gidan jan fenti ne, an zana ƙaya a bango
da wani ɗan Amurka mai malafa,
malafar kamar faifan da ya samu duniya.

Layi har bakin titi.
Shekara talatin ina gasa cicinga a bakin kwata,
ban taɓa rubuta sunan mai yunwa ba.
Nan kuwa aka rubuta namu, aka ce mu jira.

Ciki kamar kasuwar Mamobi ran jajibiri.
Cokali na zagin faranti,
Turanci da Tonanci na hawa kan juna,
wata yarinya ta gifta da kasko yana tsuwwa,
hayaƙi na bin ta kamar mai bin bashi.
Na tambayi wanda ya yanka naman,
ta nuna mini takarda a bango. Na ce to.

Aka kawo.
Wake, shinkafa, masara, nama,
an naɗe su a siririyar gurasa kamar jinjiri a zane.
Na ce, "Humu, ai waken layinmu ne
ya je ƙasar waje ya dawo da riga."
Ta ce in rage murya.
Na leƙa farashin, muryar ta ragu da kanta.

Sai na kai loma.

Ido na mantuwa, harshe ba ya yi.
Ƙuli-ƙuli, citta, masoro,
da ɗan kimbar nan da ake sa wa a ƙarshe
bayan an sauke turmi.
Yankan a karkace, an bi bayan jijiya.
Wannan hannuna ne,
ni kuwa ga nawa a kan tebur, suna rawa.

Mutum biyu na koya wa.
Ɗaya yana kwance a maƙabarta.
Ɗayan Alidu ne,
wanda na kora cikin ruwan sama
a kan sidi ashirin.
Ya rantse, na ce rantsuwar ɓarawo.
Bayan sati uku na ga kuɗin
a aljihun rigar da na ba wanki.
Ban neme shi ba. Girma ya hana,
in dai wannan ne sunan abin.

Na miƙe kamar mai neman wurin wanke hannu.
Ta tagar kicin na hango shi,
farar hula, gemu ya fara furfura,
yara shida na jiran bakinsa.
Ya ɗago. Muka haɗa ido
gwargwadon yadda ake juya tsinke ɗaya.
Wani ya ƙwala lambar tebur,
ya koma kan wutarsa.

Can sai ga farantin da ba mu ce a kawo ba:
tsire a kan takarda, albasa a gefe,
yaji a tsibe ta hannun dama, yadda nake yi.
Yarinyar ta ce, "Daga ciki. Babu kuɗi."

Humu ta ce, "Baba, idonka."
Na ce barkonon mutanen nan ba ya da ladabi.

Ta biya, tana ƙirga sabbin takardu da alfahari.
Ni kuma na ninke sidi ashirin
na tura ƙarƙashin faranti,
ko da yake yanzu ba sa sayen ko rabin tsinke a gidan.

Mun kai bakin titi, kwandasta na kiran Nima,
sai ga yarinyar a guje, tana haki,
ta danƙa mini takardar a tafin hannu.

"Ya ce a gaishe ka.
Ya ce ba nasa ba ne."