Albashin Mamaci

A ƙauyenmu, can gefen hamadar Rajastan,
shekara uku ana gina madatsar ruwa a takarda.
Takardar ta cika ta batse, har tana ambaliya,
amma ko akuya ba ta jiƙa gemu a wurin ba.

Wata bakwai muna sintiri ofishin gunduma
neman littafin 'yan ƙwadago.
Yau mabuɗi ya bi akawu gidan biki,
gobe gara ta ci shafin,
jibi a ce: me za ku yi da shi, ku da ko baƙi ba ku sani ba?

Da doka ta matse su, suka miƙo shi kamar ana cire musu haƙori.
Muka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya,
aka ɗaure lasifika a amalanken raƙumi.
Ni aka ba karatun, don na kai aji tara,
idona kuma ba ya jin kunyar kowa, tunda bakina bai ci ba.

“Mangilal, kwana sittin.”
Ya miƙe, ya buɗe tafin hannu: “Sha ɗaya na yi, ku ƙirga kanta.
Wanda ya yi mini sauran, ban samu na gode masa ba.”

“Siminti, buhu ɗari huɗu.”
Teju magini ya tofar da yawu. “Tamanin.”

“Girdari, kwana casa'in, ga dangwalen yatsa.”
Wuri ya yi tsit.
Gisi Bai ta ɗan ɗaga mayafi:
“Damina biyar ke nan da ɗana ya kunna wutar gawarsa.
In dai yana fita aiki, ku ce ya biyo ta gida,
ɗakin nan na yoyo, har yau bai gyara ba.”

Dariya ta tashi, ta maƙale a wuya.
Sakatare Sohanlal ya nemi ruwan sha,
ya nemi a dubi girman furfurarsa,
ya duba ko'ina, bai dubi Gisi Bai ba.

Bayan sati ya dawo da rabin kuɗin a ƙunshin tsumma.
Aka sauya masa gunduma, shi ke nan hukuncin.
Na sama da shi, masu kaso mafi tsoka,
ko sunansu littafin bai ɗauka ba.

Yanzu ruwan madatsar ya kai gwiwa.
Lissafin kowane rufi yana bangon makaranta da rawayan fenti,
inda mai zuwa rijiya zai sa jikarsa ta karanta masa.
Damina ta wanke, mu sake rubutawa,
hannuna duk ya yi kaushi da buroshi.

Sun ce rana ɗaya ta mai kaya.
Mu mun gwada ta a nan:
ɗaya ba ta isa ba.