Tekun Ladiyo

Ladiyo ta ga teku a bangon littafi,
shuɗi shar, kamar an kifar da tukunyar baba.
Ta ce, "Baba, ina namu yake?"
Na ce Gombe ba ta da shi.
Ta yi shiru irin na wanda aka tsallake a rabon nama.

Ran Asabar muka je tasha,
mu shida a kujerar mutum huɗu,
buhun albasa a kan ƙafata,
direba yana rantsuwa da tayar baya,
har Dadin Kowa.

Hanci ya riga ido isa:
ƙarni, hayaƙin banda, laka mai ɗumi.
Sai ga ruwa kwance tsakanin duwatsu
kamar tabarmar da mai gida ya manta bai naɗe ba.
Ladiyo ta yar da takalmi tun daga nesa,
yashi yana haɗiye sawunta ɗaya bayan ɗaya.

Kwale-kwale goma sha ɗaya na ƙirga a gaɓa,
uku a kife, ana toshe musu ciki da kwalta.
A ƙugun wani an rubuta "Sai Haƙuri",
ruwa ya lashe rabin haƙurin.

A inuwar wannan muka tarar da Baba Jatau,
taru a babban yatsan ƙafa, zare a haƙori,
yana ɗinke ramin da giwan ruwa ya bar masa.
Bai ɗago ba ya ce, "Baƙi ne.
'Yan gari ba sa kallon ruwa haka."

Ya nuna da leɓe, can inda balbela ke shawagi:
"Ƙarƙashin nan akwai tsamiya.
A gindinta aka yi mini aski na fari.
Akwai rijiyarmu,
rijiya cikin ruwa, ka ji abin dariya.
Ubana kogi ya sani, mai tafiya, mai fushi da damina.
Ni aka bar wa wannan da ke zaune wuri ɗaya,
na koyi halinsa kamar maƙwabcin da ban zaɓa ba."

Na tambayi kifi. Ya ware hannu biyu,
sannan ya matso da su, ya ƙara matsowa.
"Da, da yanzu," in ji shi.
"Idon raga ya ƙanƙance,
ana kama jika kafin kaka ta haihu."

Gefe guda Inna Kande tana juya tarwaɗa a kan waya,
kowace da wutsiya a baki, baƙa wuluk,
idonta ja da hayaƙin shekara talatin.
Ta tsinke wa Ladiyo tsokar ƙarfasa,
ta hura, ta zare ƙaya, ta ƙi karɓar kuɗi.
Ni kuwa ta tsuga mini farashi
har sai da na tuna ni ba yaro ba ne.

Ladiyo ta ce, "Kaka, wannan teku ne?"
Tsoho ya ɗebo da tafi, ya kurɓa, ya shafe gemu.
"Teku, an ce, gishiri ne.
Namu ana sha, ana alwala,
shinkafa ma tana roƙonsa."

La'asar ta karya.
Samari suka tura jirage, filafili yana yanka zinariya,
wani ya wurga birgi, ya buɗe a sama kamar laima,
ya faɗa ba tare da ƙara ba.

A mota ta yi barci da katantanwa a dunƙule,
yashi a tsakanin yatsunta, ƙarni a ɗankwali.

Da safe na tarar da littafin a buɗe.
Ta bi shuɗin nan da fensir ruwan ƙasa,
ta ɗora kwale-kwale mai rabin suna,
can ƙasa kuma, inda ba wanda zai duba,
ta dasa tsamiya,
da ɗan kifi yana hutawa a inuwarta.