Gurnani Biyu a Shagon Abdulmun'im

Bayan la'asar na rufe akwatin sifanu,
hannuna na warin man na'urar sanyaya ɗaki.
Jidda ta jiƙe da gumi kamar kullum,
iskar Bahar Maliya ta yi nauyin bargo.
Na gangara titin Falasɗinu
wurin Abdulmun'im, Basudane mai furfura a gira,
mai sayar da abin da ke hana maƙwabta barci.

Amfilifaya biyu ya jera mini a ƙasa
kamar raguna ranar jajibiri.
Ɗaya baƙa, wat arba'in, faɗin ƙirji kamar ɗan dambe.
Ɗaya ruwan ƙasa, wat ashirin,
da tabon sigari a kafaɗarta.
Ya ce, "Kunna, amma ka dakata.
Kwalaben cikinsu ba sa son gaggawa,
sai sun yi ja irin garwashin mai shayi."

Na dakata.
Na jona gitata, na fara da babbar.
Muryarta fes, ruwan randa,
kowace tsirkiya da ɗakinta.
Amma ba ta fushi da wuri.
Na murɗa zuwa huɗu, ta yi shiru da bakinta,
biyar, shida, tana kallona kawai.
Sai a bakwai ta ɓare,
gilashin shago ya kama rawar sanyi,
telan maƙota ya leƙo da almakashi a hannu.

Ƙaramar kuwa, tun a uku ta soma gunaguni,
a huɗu ta shaƙe, ta yi kaushi mai daɗi,
irin ƙanzon gindin tukunya
da muke faɗa a kansa muna yara.
Na danne tsirkiya ɗaya, ta ƙi mutuwa,
ta yi ta ja, ta yi ta ja,
har na manta kuɗin haya.

To, ga inda gizo ke saƙa.
Daren Alhamis a istirahar da muke kamawa bayan gari,
Renato ba ya dukan ganga, rama gayya yake.
Ƙaramar za ta nutse ƙarƙashinsa
kamar allura a rijiya.
Babbar za ta tsaya masa,
amma ɗakina yana hawa na huɗu a Sabil,
babu lif, bayana ya shekara arba'in da uku,
kuma Hajiya Zulai ta ƙasa
tana da sandar mofa, ta san inda silin yake.
Riyal dubu uku da ɗari biyu,
ko dubu biyu cif.
Bazara guda na yi a kan rufin mutane kafin in tara.

Abdulmun'im bai ce komai ba, ya zuba mini shayi.

A nan na tuna Baba.
Da ƙafa ya zo, ta Abeshe, ta Sawakin,
da garaya a naɗe cikin tsohon zane.
In zai kaɗa, sai ya ɗaura akayau a wuyanta,
gwangwani da zobba, su yi ta zuza a kan sauti.
Na taɓa tambaya, me ya sa kake ɓata shi?
Ya ce, "Yaro, miya ba daddawa ruwa ce."

Ashe abin da nake nema ke nan
a cikin kwalaben da aka ƙera wata ƙasa mai ƙanƙara:
akayau ɗin tsoho, da wutar lantarki.
Shi kuwa bai taɓa buƙatar girgiza gari ba.
Tabarma ɗaya, mutum shida, ta ishe shi.

Aka kira magariba.
Abdulmun'im ya ja ƙofa rabi,
kwalabe na hucewa, ƙas, ƙas, a cikin duhu.
Na ƙirga masa dubu biyu.
Na ɗauki mai tabon sigari,
ɗuminta na dukan cinyata har bakin titi.

Renato zai koyi sassauta hannu.
In ya ƙi, mu sa mata makirufo a baki.