Wayar Birki

Da kuɗin yankan riɗi na saye ta a Gadarif,
jita mai tabo a ciki, tsirkiya biyar.
Tasfayi, Bahabashen da ke gyaran babur,
ya ɗaura min wayar birki a gurbin ta shida.

Waƙa guda nake so, ita kaɗai,
wadda masu raksha ke sakawa a hanyar kasuwa,
wadda Nafisa ta taɓa bi da leɓe
tana auna min sukari, ba ta san ina kallo ba.

Riƙo uku ne kawai, in ji Tasfayi.
Biyu sun bi ni.
Na ukun yana so manuniyata ta kwanta
bisa tsirkiyoyin duka kamar sakata,
sai jitar ta yi kukan ƙuda a kwalba.

Lauje bai taɓa min kanta a nan ba,
kan yatsu, inda nama ke da kunya.
Inna ta ce, "Sabi'u, akuyar wa ke naƙuda?"
Na koma bayan rumbu.

Dare na ashirin da uku aka ɗauke wuta.
Ban ga hannuna ba, sai na daina tsoronsa.
Na farko, na biyu,
na uku ya fito tas!
Mamaki ya sa na ɓata sauran.

Daga cikin duhu Inna ta ƙarasa baitin
da muryar da ban san tana da ita ba.
Ta yi shiru, ta ce,
"Sake daga farko. Kana sauri a tsakiya."